Jifan da Ba Ya Fasa Komai

Shekara arba'in ina koɗa dutsen niƙa
a gindin tsamiya, hanyar Birnin Kudu,
har ido ya dushe, kunne ya gaje shi.
In na sauke makoɗi, dutse kan amsa:
nan ya yi sulɓi, can da sauran haƙori.

Injin niƙa ya zo ya cinye kasuwata.
Ban yi fushi ba, gwiwoyin mata sun huta.

Sai ga Barira, 'yar ƙanena Mato,
ta zo hutu daga makarantar nesa,
tabarau a hanci, tawada a yatsa.
Na ce, ke, me kuke niƙawa a can?
Ta yi dariya har da dafa bango.

Ta ce, Baffa, mu jifa muke yi.
Muna da tukunyar ƙarfe,
mun zuƙe iskar cikinta tas,
mun ajiye ɗan gishiri kamar farce.
Sai mu saki ƙwayar zarra ta wata iska
marar nauyi, marar faɗa, hiliyam sunanta,
ta tafi ta gaida fuskar gishirin ta dawo.

Na ce, jifa ai ɓarna ce.
Ta ce, wannan ko ƙwarzane ba ta yi.
Ba ta ma shiga.
Baƙuwa ce mai kunya,
daga bakin zaure take sallama ta juya,
amma a yadda ta juyo
muke karanta gidan.

In fuskar a jere take kamar kunyar gyaɗa,
'yan aikenmu kan dawo layi-layi.
In da rami, ko wani ya tsuguna inda ba wurinsa ba,
sai su watse kamar kasuwar da hadari ya taso wa.
Wata ta dawo da sauri, an yi mata guzuri,
wata ta dawo a gajiye, ta bar kuzarinta can.
Da haka muka san gishiri ma rawar ɗari yake,
ko da ka gan shi shiru a bakin faifai.

Na yi tsit.
Akuya ta ratsa tsakaninmu.

Na ce, miƙo min ƙwaryar can.
Na damƙi gero, na watsa wa dutsen Hansatu
wanda ta kawo tun Laraba ban taɓa ba.
Tsakiya ta ce tsar, ƙwayoyin suka zame gaba ɗaya.
Gefe ya ce kwacar, kowacce ta kama gabanta.
Na ce, kin ji? Cikin ya mutu, bakin na da rai.

Ta cire tabarau.
Ta ce, sake.
Na sake.
Ta ce, mu sai mun kwana uku muna ƙirga
kafin mu faɗi abin da ka faɗa yanzu.
Na ce, ku naku ba ya ganuwa, kar ki rage wa kanki.
Ni nawa dutse ne, ko jaki ya san da shi.

Hutu ya ƙare, ta hau motar Kano.

Daren jiya ruwan fari ya sauka.
Ina kwance, ina jin ɗigo a kan kwano,
kowanne na faɗin inda ya faɗa:
nan sabo, nan tsatsa,
nan ƙusa ta saki tun bara.
Ban tashi neman tasa ba.
Na bar shi yana zuba kusa da ƙafata,
ina tunanin yarinya a ɗaki marar taga,
tana aiken abin da ba ta gani
zuwa ga abin da ba ta gani,
tana jiran amsa.

Da safe na tarar kaji sun tsince geron.
Dutsen Hansatu na nan, a jiƙe.
Na ɗauki makoɗi.