Mai Yage Tikiti

Ni ne mai yage tikiti a ƙofa ta biyu,
shekara goma sha ɗaya ke nan a silimar nan ta Kumasi,
inda sanyin na'ura ke cizon gwiwa
alhali rana na dafa ƙeyar 'yan Kejetiya.

Ran Asabar aka manna sabon hoto:
jarumin nan mai tashi sama, alkyabba a baya,
sai dai an tsufar da shi.
Furfura a gemu, jini a leɓe, kwalba a hannu,
can ƙasa an zana jan da'ira: sha takwas.

Sai ga Tahiru, ɗan Aboabo, ko kafaɗata bai kai ba,
ya ƙulla tsohon tawul a wuya,
tsabar kuɗinsa ta jiƙe da gumin tafin hannu.
Wata biyu yana wanke wa innarsa kwanukan koko.
Na ce, "Ba domin ka aka yi wannan ba."
Ya ce, "To domin wa? Ai nawa ne,
yana jikin jakar makarantata."
Na laluba bakina, babu amsa.

Bayansa layi ya miƙe har matakala:
masu tumbi, masu sanƙo, akawun banki,
Boakye mai sayar da taya da uwargidansa.
Duk na yage musu, suka shige.

Ni ma na taɓa zama Tahiru.
A gidan bidiyon Seidu da ke Asawase,
kan benci, janareto na tari,
na ga mutum ya faɗo daga bene ya karkaɗe riga ya wuce.
Washegari na sace zanen yayata Ayishetu,
na hau katangar makaranta.
Mai ɗori ya san sauran labarin.
Har yau in hadari ya haɗo
kafaɗata ce ke riga kowa sani.
Fim ɗin nan kuwa tsaf yake, ko ɗigon jini babu.
Tsabtarsa ce ta karya ni.

Na leƙa ta tsagar ƙofa.
Jarumin da ke ɗaga gada da hannu ɗaya
ya kasa riƙe kofin shayi, hannun na rawa.
Garin da ya ceta ya manta sunansa.
Ɗakin ya yi tsit,
Boakye na share ido da bayan hannu
kamar hayaƙi ne ya shiga.
Ashe abin da suka biya ke nan:
su ga mai ƙarfi ya gaji irin gajiyarsu,
mai bashi, mai ciwon baya, mai kwana ido biyu.
Ban ga laifinsu ba.
Wanda ya girma da abin wasa
yakan so abin wasan ya girma da shi.

Amma wa ya tambayi mai tawul?
Ga shi zaune a ƙasa, kunne a jikin bango,
duk rugugin da ya ratso siminti
sai ya dunƙule hannu ya naushi iska.
Nasa fim ɗin yake haskawa, ba tikiti.

Da aka tashi, manya suka fito shiru
kamar masu dawowa daga maƙabarta.
Ya kamo hannun rigata: "Baba, ya ci su?"
Na ga yadda aka rufe shi da alkyabbarsa.
Na ce, "Ya ci su. Kaca-kaca."

Ya buɗe hannuwa, tawul ya kama iska,
ya nufi matakala a guje.
Kafaɗata ta motsa.
Na ɗaga murya har mai gugguru ta waiwayo:
"Kai, Tahiru! Ɗaya bayan ɗaya!"