Tafin Hannu

Da tafin hannu nake auna wuta.
Tafi ɗaya, kashi ɗaya cikin ɗari na fatar mutum.
Haka aka koya mini, haka nake yi
a ɗakin nan na bayan asibitin Daura,
inda fanka ta mutu tun kafin a ɗauke ni aiki.

Lantana daga Sandamu, tafi arba'in.
Mijinta ya rantse kananzir ya sayo.
Na shinshina ɗankwalinta, na ji fetur.
Wani a bakin titi ya gauraya su
don ribar da ba ta kai kuɗin sabulu ba.
Ta ƙara wa aci-balbal mai tana ci.
Haɓa, ƙirji, ciki, hannu biyu.
Bayanta lafiya lau, har da shatin majanyi.

Tanimu kuwa farfaɗiya ce ta kifa shi a murhu.
Ƙunar gefe guda take, amma ta nitsa har ƙashi,
kuma wuta ba ta yin zurfi haka
sai an ba ta lokaci.
Mutane na wurin. Miyaunsa suka ji tsoro.
Takardar ba ta da layin rubuta wannan.

Tsohon Baure ya zo da hannu a dunƙule
kamar ɗan dambe.
Ɗansa ya ce: ka gani, kokawa ya yi,
kashe shi aka yi, sannan aka cinna.
Na ce zafi ne ke jan tsoka.
Na leƙa maƙogwaro, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya:
yana numfashi hayaƙi ya same shi.
Kaskon garwashi, gidan sauro, ƙofa da sakata.
Babu mai laifi.
Ya fita kamar na ƙwace masa wani abu.

Wasu ba wutar ce ke kai su ba,
kwana tara ne na ɗanyen ƙwai da man goge baki,
sai miki ya fara wari a nemo akori-kura.

Da magariba Barira na shirin kunna risho,
na karɓi galan, na kai hanci.
Ta ce, kai kullum.
Ƙaramarmu ta miƙo hannu in ɗauke ta.
Na riƙe tafin, ina ƙoƙarin kada in ƙirga.