Tsatsa

Littafin lissafi ne, mai shafi tamanin,
bangonsa duk baƙin mai na garejin Ƙofar Ƙwaya.
Tasi'u ya turo mini shi ta ƙarƙashin tabarma:
"Barira, duba, amma kada Inna ta gani."

Shafin farko Katsina ce, sai dai ba tamu ba.
An ja ganuwa da shuɗin biro, an dasa mata haƙoran waya.
Gobarau na nan tsaye,
an aza mata faifan tauraron ɗan Adam kamar mai tallar goro.
Babu mai jini a titi.
Mutanen ƙarfe ke sintiri,
ƙirji tankin janareta, gwiwa sarƙar babur,
rabi masu jan ido, rabi masu kore,
kowa da tutarsa, kowa da kirarinsa,
kowa na rantsuwa shi ne ɗan gari.

Can a kusurwa, a tagar wani bene,
ya ɗiga mutum biyu, ƙanana kamar ƙuda,
da malum-malum, da kofin shayi,
da akwatin batir guda a tsakaninsu.
Su ke sayar wa Ja, su ke sayar wa Kore.
Bai ba su suna ba. Ko fuska bai ba su ba.

Gwarzon labarin sunansa Tsatsa.
Ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo,
don Tasi'u tun firamare bai iya ƙafa ba.
An kwance wansa a tsakiyar shataletale
ranar da aka ƙirga ƙuri'a sau uku ba ta zo daidai ba,
aka watsa notinansa kamar tsaba gaban kaji.
Tsatsa ya tsinci guda, ya rataya a wuya.
Daga nan sai ƙarfe kan ƙarfe:
GARAM! da manyan baƙaƙe. ƘWAL! TIM!
Biro ya huda takarda wuri uku,
hayaƙi ya haɗiye 'Yar Kutungu har shafi huɗu.

Na gane abin wuyan nan.
Makullin babur ɗin Yaya Mudan ne,
wanda aka kawo mana a leda da takalminsa wari guda,
ranar da gari ya hautsine,
aka kulle mu a gida kwana tara.
Tasi'u bai yi hawaye ba ran nan.
Biro ya nema.

A shafi na sittin da biyu Tsatsa ya ritsa mai kisan.
Ya danne shi a gindin ganuwa,
ya ɓalle murfin ƙirjinsa zai tsinke wayar rai,
sai ga injin wansa na bugawa a ciki,
da tambarin da maƙera guda ta buga musu su biyu.
Ashe masu shayi ba sa zubar da ƙarfe.
Gawar Kore ita ce hanjin Ja.

Nan zanen ya tsaya.
Hannun Tsatsa a sama, riƙe da sifana,
da'irar magana a bakinsa fara fat, babu ko wasali.
Sauran shafi goma sha takwas,
layi ne kawai, layi bayan layi.

Da la'asar na iske shi yana wanke kafireto a gwangwani.
Na ce, "To, ya buga ko ya sauke?"
Ya hura wani ɗan bututu, ya ɗaga shi ga rana,
ya ce biro ne ya ƙare.
Ni kuwa na ga sababbi biyu a aljihun rigarsa.

Littafin na ƙarƙashin matashina yanzu.
In an ɗauke wuta, Inna ta yi barci,
nakan haska shi da fitilar waya,
in duba ko hannun nan ya gaji.