Igiya Huɗu da Keji

A Sheffield, can unguwar Attercliffe,
saman shagon wankin kaya, nan ɗakin dambenmu yake.
Matakala goma sha tara, ta bakwai tana kuka.
Shekara ashirin da ɗaya ina hawanta da bokiti,
ni ne mai danna ƙanƙara a kan kumburi,
mai cusa auduga a hancin da naushi ya fasa.

Da can, daren Juma'a sai da kafaɗa ake shiga.
Mahauta, direbobin bas, tsofaffin maƙeran ƙarfe,
fam biyar a bakin ƙofa,
Gordon Platt zaune kan akwatin kuɗi kamar kaza kan ƙwai.
Jiya na ƙirga kawuna, goma sha ɗaya.
Uku furfura ce zalla,
ɗaya kuwa ɗumi ya biyo, tun turmin farko ya yi barci.

Sauran suna tsallaken titi.
Inda ake sayar da darduma a da, an kafa keji,
kusurwa takwas, waya baƙa, fitilu kamar gidan biki.
A can ana naushi, ana shuri, ana kokawa, ana shaƙe wuya,
layin matasa har ya karya kwana,
kowa da waya a sama, yana ɗaukar faɗuwar wani.

Cikin layin har da Zayyanu.
Ni na fara naɗe masa hannu yana ɗan shekara shida.

Ya ce, Baba, dambenku rabin faɗa ne.
Allah Ya ba mutum ƙafa, ku kun sa mata takunkumi.
Zakarunku biyu sai su shekara uku suna ciniki,
kowa rungume da kambunsa, sun ƙi haɗuwa.
Na ce, a garinmu gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa,
a ɗaga mutum, a kaɗe masa ƙura, a ba shi ruwa.
Ku kuwa in ya faɗi sai ku bi shi ku haye ruwan cikinsa.
Ya yi dariya irin ta uwarsa.
Ya ce, ba kai ka ce min a damben garinku ana shuri ba?
Na tashi na duba tukunyar shayi.

Daren Asabar faɗa biyu a lokaci guda.
Ni da talabijin, turmi na tara, ana ta auna juna.
Shi a gefen kujera da wayarsa.
Ihu ɗaya ya yi, nasa ya ƙare.
Na saci kallo. Ya gan ni. Ba wanda ya tanka.

Sai ga shi da takarda wata Laraba:
sunansa, nauyinsa, ranar shiga keji.
Ya ce, girata ba ta da ƙwari, ka sani.
Wa zai tsayar min da jinin?

Titi bai kai taku talatin ba,
amma ban taɓa jin nauyin bokitin nan kamar ranar ba.
Ban ɗaga kai ba, na san Gordon na bakin taga.

Aka rufe ƙofar keji da sakata.
Gwiwar hannu ta tsaga masa gira a turmi na biyu.
Minti ɗaya aka ba ni.
Jinin dai shi ne, ɗumin shi ne, ƙarnin shi ne,
yatsuna ba su tambayi sunan wasan ba.

Litinin na hau matakala, ta bakwai ta yi kukanta.
Gordon na ɗinke buhun naushi, bai juyo ba.
Ya ce, nawa ne kuɗin ƙofa?
Na ce, talatin da biyar.
Ya yi fito, ya ja zare da haƙori.
Can ya ce, yaron, ya dai tsare haɓarsa?
Na ce, kamar yadda ka koya masa.
Ya ce, to, miƙo min almakashi.