Ina Ƙasan Garin Nan?

Da hantsi na sauka Chongqing, ban ga rana ba.
Gajimare ne ya sauko ya kwanta kan kogi
kamar zanen da aka manta a shanya,
gine-gine tsaye a ciki har gwiwa,
kawunansu kuwa sai wanda ya halicci sama.

Wayata ta ce, masaukinka taku hamsin ne.
Na yi hamsin cif, na ci karo da katanga.
Na shiga lif daga bakin titi,
na hau hawa goma sha ɗaya,
ƙofa ta buɗe, sai ga wani titin,
da motocinsa, da mai sayar da lemo,
da ɗan kare sanye da rigar saƙa.
Na leƙa ƙasa, mutane kamar kiyashi.
Na ɗaga kai, wasu na leƙo ni.

Wani dattijo ya tsinto ni a nan,
sandar gora a kafaɗa, igiya a hannu.
Ya bugi ƙirji ya ce, Lao Ran.
Na bugi nawa na ce, Tasi'u.
Ya tauna sunan, ya dawo mini da shi gida uku.
Ya ɗaure akwatina biyu, ya saɓa,
muka kama matakala.
Na ƙirga ɗari biyu da sittin, lissafi ya ɓace.
Ya girmi babana,
amma ni ke haki, shi yana busa sigari.
Da na miƙa masa takardar kuɗi
sai ya ɗaga ta ga haske yana murmushi,
kamar ya gamu da abokin da ya daɗe bai gani ba.
Kowa a nan da waya yake biya,
har mai gasa dankali a kwana.

Na ga jirgin ƙasa wanda ba ya taka ƙasa.
Ya taho a kan siraɗinsa guda,
ya shige cikin gidan mutane ta tsakiya
kamar zare a kafar allura.
Na kama baki.
Wata mata a saman bene tana shanya safa,
ko waiwaye ba ta yi ba.

Yunwa ta kai ni wani lungu mai koren allo,
na ga rubutun da na iya karantawa, na ce alhamdulillahi.
Hai Yulan da ɗankwalinta a bakin tukunya,
mijinta na jan ƙullu yana ninkawa
har ya zama siraran igiyoyi.
Na shigo da gadara,
ai ni ma harshena hawa yake yana sauka,
mu da muka raba gari na zama da gari na tuwo
da karin murya kaɗai.
Na gyara zama, na roƙi romo.
Aka kawo mini sukari.
Jikarta, ’yar shekara biyar,
ta ɗaga yatsa ta ja layi a iska, miƙaƙƙe,
ta sa na maimaita sau bakwai
kafin ta yarda a ba ni.
Yajinsu ba zafi kaɗai gare shi ba,
leɓe yake kashewa,
na fito ina taɓa bakina ko yana nan.

Da dare garin ya kunna kansa.
Tsofaffin mata na rawa a fili, sahu-sahu,
babu mai kallon wani.
Na tsaya inda koguna biyu suka haɗu,
ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya kore-kore,
suna tafiya kafaɗa da kafaɗa
kowanne riƙe da launinsa,
sai can gaba, inda ido ba ya kaiwa.

Inna ta kira, su ko la'asar ba su yi ba.
Ta ce, yaya garin?
Na buɗe baki, leɓen bai farfaɗo ba tukuna.
Na ce, lafiya lau, akwai matakala.

Gobe da takwas ake rajista.
Ina da sunan titin, ina da lambar ƙofa.
Abin da ban sani ba,
hawa zan yi ko sauka.