Aikin Dare a Barisal

Ƙarfe uku na dare Shefali ta saki balan-balan,
fari fat, da ɗan ma'auni rataye a gindinsa.
Ta bi shi da ido har duhu ya haɗiye,
ta koma ciki, shayi ya riga ya huce.

Kakanta Motaleb bai san kwamfuta ba.
Tururuwa yake duba, in sun kwashi ƙwai sun hau bango,
da launin kogi, da tsamin gwiwarsa ta hagu.
Sau tara ya canka daidai.
A na goma teku ya shigo gari ba sallama,
ya tafi da kwale-kwale, da shanu, da matarsa.

Yau ga jika gaban allo,
tauraron ɗan'adam na turo mata hoto:
wani farin gammo yana juyawa bisa ruwa,
da rami a tsaka.
Na'ura ta ce gabas. Lissafin jiya ya ce arewa.
Ita za ta sa hannu.

In ta ce a tashi, guguwa ta kauce,
masunta sun rasa kamun kwana biyu,
za ta sha zagi a kasuwar kifi.
In kuwa ta yi shiru...
Ba ta bari tunanin ya kai ƙarshe ba.

Ta ɗauki waya. "A ɗaga tuta uku."

Da asuba wani yaro bisa keke, lasifika a wuya,
yana ratsa gonakin shinkafa
yana ta da mutane da maganarta,
ko sunanta bai sani ba.