Inda Ruwa Ke Wanka

A ƙasan Bukuru, bayan tsohon ramin kuza,
inda kwalta ta gaji ta bar wa jar ƙasa hanya,
nan nake aiki.
Gari na tudu, mu muna gangare.
Abin da kowa ya juya wa baya, mu yake nufowa.

Da asuba nakan ɗauki manjagara
in tsefe bakin raga:
ledar fiyawata, tsinken tsire, guntun soso,
safar jariri ƙafa ɗaya.
Ran wata Talata na tsamo cokalin shayi,
an karce harafi a mariƙinsa.
Na wanke shi, na rataye a ƙusa.
Ba wanda ya zo cigiya.

Ruwan alwala, ruwan wankin kayan Lahadi,
na mai bene, na ɗan haya mai ɗaki ɗaya,
bututu guda ke kawo su,
kafaɗa da kafaɗa,
ba mai tambayar wani unguwarsu.

Davou mai kula da inji ya ce,
"Kar ka tsane shi, Barau, aike ne ya yi masa yawa."
Sai mu ba shi tafki ya kwanta.
Na farko baƙi ƙirin,
na biyu kamar miyar kuka,
na uku har balbela na duba fuskarta.
In an ɗauke wuta, inji ya yi gum,
wari ya hau keke ya shiga gari.
Ran nan kaɗai ake tunawa da mu.

A motar haya akan ba ni wuri fiye da kuɗina.
'Yata Asabe ta gaya wa malaminsu
babanta injiniyan ruwa ne.
Ban gyara mata ba.

Can bayan waya, inda muke sallamarsa,
Ngo Chundung na jiransa da fartanya,
ta kora shi kunya-kunya,
kabeji, latas, karas.
Busasshiyar lakar da muke kwashewa ma
buhu-buhu take roƙa.
Ran kasuwa a-kori-kura ta loda, ta hau tudu.

Jiya a Taminus na ga mutumin
da ya toshe hanci da na zauna kusa da shi.
Yana taya kabeji,
yana jinjina shi a tafin hannu, yana yaba nauyinsa.
Na san kunyar da aka yanko shi.
Na sayi nawa, na wuce,
don ƙarfe huɗu ake buɗe tafki na uku.